Ɗayan da aka riƙe a kai

A firamare, idan muka tara 7 da 5, malam yakan ce mu rubuta 2, mu riƙe ɗaya a kai. Ban taɓa zaton wannan ɗayan zai biyo ni har ɗakin gwaji ba, sai da muka fara rubuta yaren asambili, wato gajerun umarnin da ake ba kwamfuta kai tsaye, a kan furosesar Intel 8085, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfuta.

Akumuleta, wato rijistar (ɗan gurbin ajiye lamba a cikin furosesa) da ake kira A, kamar mudun mai awo take: ɗaya ce tak, kuma kusan duk lissafi ta cikinta yake bi. Idan ka rubuta ADD B, sai a tara abin da ke rijistar B a kan na A, amsar ta zauna a A ɗin, tsohuwar lambar kuwa ta tafi ke nan. In kana buƙatarta, ka kwafe ta zuwa wani wuri da umarnin STA ko MOV tun da wuri. Wannan sau biyu na sha shi, na kiyaye.

Mudun kuma ƙarami ne, bit 8, wato gurabe takwas na 0 ko 1, ba ya cin fiye da 255. Ranar da na tara 200 da 100 na ga 44, na ɗauka na'urar ce ta lalace. Ashe 256 ɗin da ya zube shi ne ɗayan da aka riƙe, yana can a tutar riƙo, wato ɗan gurbin da furosesa ke ajiye ɗayan da aka riƙe, yana jirana.

Inda na sha wuya sosai shi ne 6502, furosesar 1975 da ke cikin kwamfutar Apple II, wadda na gwada a kwaikwayonta na kwamfuta don son sani kawai. Ita ba ta da ADD sam, sai ADC, wanda kullum yake haɗawa da abin da ke kan tutar. Amsata takan fito daidai, wani lokacin kuma ta ƙaru da ɗaya. Kuskuren da ke zuwa yana tafiya ya fi kowane cin rai. Na kwana ina zagin manhajar. Da safe wani ɗan ajinmu ya leƙa, ya ce, “Malam, ina CLC ɗinka?” CLC shi ne umarnin goge tutar. Ban goge ta ba, ragowar lissafin baya ce take kutsowa. Wajen ragewa ma abin juyawa yake, sai ka ɗaga tutar da SEC kafin SBC, umarnin ragewa.

Daga baya, da na zo tara lambobi masu bit 16, sai ga shi tutar nan ita nake lallaɓawa: CLC sau ɗaya kafin rabin ƙasa, sannan in bar ta ta kai ɗayan zuwa rabin sama.