Yau na je gwajin fota

Laraba da dare. Bayana na ɗan ciwo saboda yawan sunkuyo, amma bari in rubuta tun abin yana sabo a kaina.

Da safe na je wajen kocin da ke gwada wa 'yan golf sanduna. Damuwata ɗaya ce: idan na zo kusa da rami, tazarar taku biyu ko uku, sai ƙwallon ya riƙa zamewa ta hagu. Cikin sanduna 14 da doka ta yarda mutum ya ɗauka, babu wadda ake ɗagawa sau da yawa kamar fota, wato sandar da ake gangara ƙwallo cikin rami da ita, amma ita ce aka fi saye da ido kawai. Tawa mai faffaɗan kai ce, irin mai kama da guduma, da dogon farin layi a bayanta.

Na zaci zai jero mini sababbi in zaɓa. Ina! Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, buga da taka tukuna in gani." Ya shimfiɗa sanduna biyu a ƙasa kamar layin dogo, ya tsuguna a bayana da wayarsa yana ɗauka. Da ya nuna mini bidiyon a hankali, sai ga kan fotar yana shigowa ciki idan na ja baya, fuskar ta ɗan buɗe, sannan ta dawo ta rufe bayan ta taɓa ƙwallo. Wato bugun nawa baka yake yi, ba miƙaƙƙen layi ba. Ya ce wannan ba aibi ba ne. Tun da sandar a karkace take tsayawa, kusan digiri 70 daga ƙasa, dole kowa ya yi baka ko da kaɗan ne. Bambancin kawai shi ne wani nasa ya fi lanƙwasa.

Sai ya karɓi fotar ya ɗora kararta a kan yatsansa, ya bar ta ta daidaita da kanta. Fuskar ta kalli sama sak. Ya ɗauko wata siririya ya yi mata haka, sai ƙarshen kanta ya rankwafa ƙasa. Ya ce ta farko an yi ta ne don wanda ke ja baya a miƙe ya dawo a miƙe, ta biyu kuma don mai baka irina. Nauyin da ke ƙarshen kan yana jinkirta rufewar fuska, shi ya sa mai yawan ɓata ta hagu yakan ji daɗinta, mai ɓata ta dama kuma ya fi dacewa da mai kallon sama. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba girman kai ke yanke wannan hukunci ba, wuya ne, wato inda kara ta haɗu da kai da yadda aka lanƙwasa ta. Akwai masu faffaɗan kai da ke rankwafawa ma.

Wadda ya miƙo mini ƙirar Anser ce, wadda Karsten Solheim na kamfanin Ping ya fito da ita a 1966. Dabararsa ita ce ya rarake bayan kai ya tura nauyi zuwa gefe biyu, don kada kan ya murɗe idan ba a sami ƙwallo a tsakiya ba. Har yau fotoci da yawa a duniya kamar jikokinta ne. Tiger Woods ma da fota guda mai irin wannan ƙira, ta maƙerin fota Scotty Cameron, ya ci 14 cikin manyan gasa 15 da ya lashe. Kocin ya yi dariya da na faɗi haka, ya ce hannun Tiger ba a sayar da shi tare da sandar.

Inda muka fi daɗewa shi ne tsawo. Ya sa na tsaya yadda na saba, ya ba ni ƙwallo na riƙe a karan hancina na saki. Ya faɗi can kusa da ƙafafuna, nesa da wanda zan buga. Ashe inci 35 ta yi mini tsawo, tana tura ni baya, ƙarshen kan kuma yana ɗagewa daga ciyawa har ana iya zura kwabo a ƙarƙashinsa. Fuskar fota tana da ɗan kwanciya, digiri 3 zuwa 4, don ta ɗago ƙwallo daga ɗan gurbin da ya zauna a ciyawa. To idan ƙarshen ya ɗage, wannan kwanciyar sai ta karkata hagu. Kenan abu biyu ne suka taru a kaina. Da na riƙe mai inci 34, hannuwana suka sauko da kansu, idona ya dawo kusan saman ƙwallon.

Na tambaye shi batun dogayen nan da ake kafawa a ƙirji, irin wadda Adam Scott ya ci gasar Masters da ita a 2013. Ya ce sandar ba a hana ta ba, jingina ta da jiki ne hukumomin golf na R&A da USGA suka hana tun 1 ga Janairun 2016. Ban ma gwada ba.

Mariƙi mai kauri na gwada na ajiye. Yana kashe motsin wuyan hannu, gaskiya ne, amma ni sai na daina jin nauyin kan, dogayen bugu suka riƙa tsayawa a hanya. Ƙara ma tana da nata: wata mai laushin fuska ba ta ko motsi a kunne, sai na riƙa dukanta da ƙarfi fiye da kima. Ta ƙarfe zalla da ke cewa "tik" ita ta fi gaya mini nisa.

A ra'ayina, yawancinmu muna wahalar da kanmu wajen sauya bugu don ya dace da sanda, alhali bugun ya riga sandar zuwa. Ramin faɗinsa inci 4.25 ne kacal, ba shi da wurin da za a yi kokawa da kayan aiki.

Ban saya ba tukuna. Ya ba ni aron siririyar zuwa ƙarshen mako, ya ce in gwada ta a ciyawa mai gudu da mai nauyi, musamman bugun gangara. Idan kuma na fi son faffaɗan kai saboda layin saiti, akwai mai gajeren wuya da ke rankwafawa daidai da ita. Asabar zai kawo mini in kwatanta su.