Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hanya da Rafi Sun Ƙi Haɗuwa

Makon jiya mun tsaya inda na samu aiki a wani ofishin safiyo a Kano. Aikin farko da aka damƙa mini shi ne in fitar da duk wuraren da hanyoyin burji na wasu ƙauyuka suka tsallaka rafi, don a san inda za a zuba kwalbati. A QGIS, manhajar aikin taswira a kwamfuta, abu ne mai sauƙi: ka ɗora layukan hanya a kan layukan ruwa, ta sa maka ɗigo a kowace mahaɗa.

Sai dai sakamakon da ya fito bai kwanta mini ba. Akwai mashigin da na sani da ƙafata, wanda mota ba ta wucewa idan ruwan Agusta ya sauka, amma babu ɗigo a kansa. A wani wurin kuma ɗigo ya fito a tsakiyar gonar gero.

Wani dattijo da ya tsufa a aikin ya leƙo allon, ya ce, "Ɗana, layukan ruwan nan daga ina suka fito?"

Na ce, "Baba, daga tsohuwar taswirar takarda aka kwafo su."

Ya ce, "To ka tambaye su ma'auninsu."

Nan ne matsalar take. Kowace taswira tana da ma'aunin da aka bi wajen tsayar da matsayin wurare. Tsofaffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna aka zana su, wanda ya dogara da lissafin Clarke na 1880. Hanyoyin kuwa da GPS aka ɗauko su, shi kuma wani ma'aunin daban mai suna WGS 84 yake bi. Fayil ɗin ruwan ya zo ba tare da bayanin ma'auninsa ba, manhajar ta ɗauke su abu ɗaya. A yankin Kano bambancin ya kai wajen mita 80, gabas da yamma. Inda rafi ke tafiya gefen hanya, wannan gocewar ta isa ta ƙirƙiro mahaɗar ƙarya ko ta shafe ta gaskiya. Da na sanya wa fayil ɗin ruwan lambar ma'auninsa na Minna, 26332, na mayar da shi 32632, wato ta WGS 84, rafukan suka koma kwarinsu.

Saura kuma halin masu zanen da. Idan sun zo kan hanya sukan ɗaga alƙalami, su ci gaba a ɗaya gefen, wanda ya kwafa a kwamfuta ma ya bi su haka. Ido yana ganin rafi ya ratsa, amma a lissafi akwai giɓin mita ɗaya ko biyu, manhaja kuwa ba ta cike giɓi da zato. Sai da na miƙar da bakin kowane layi kaɗan. A nan dole ma'aunin ya zama na mita, domin idan na digiri ne ka rubuta 1 a matsayin tsawon miƙawar, ka ce wa manhajar kusan kilomita 111.

Na damu da aikin nan sosai, don kowane ɗigon da ya ɓace kwalbati ne da ba zai shiga kasafi ba, kuma mai naƙuda ce za a ɗauka a amalanke a bi da ita ta cikin ruwa. Shi ya sa na roƙi a ba ni babur da GPS in je in taka wuraren da nake shakka kafin in sa hannu. Abin da na tarar a mashigin farko, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.