Abin da Maƙiyan Ikilisiyar Farko Suka Koya Mini Game da Aikin Bishara

Sa'ad da muka soma nazarin tarihin ikilisiya a makarantar tauhidi, malaminmu ya ɗora mana karatun da ya sha bamban da abin da muka saba ji a wa'azi. Ya ce Littafin Ayyukan Manzanni mun san shi, kuma abin da Kirista suka rubuta game da kansu yana da yawa, amma mai neman sanin halin mutum ya kamata ya saurari abin da maƙiyinsa ya kasa musantawa. Saboda haka ya sa muka karanta wasiƙu da littattafan masu mulki da masanan Roma waɗanda suka tsani wannan bangaskiya. Tambayar da ke gabanmu ita ce yadda jama'ar da ba ta da soja, ba ta da goyon bayan hukuma, ba ta kuma da manyan gine-gine, ta cika daular Roma cikin shekara 300, har sarki Konstantin ya ba ta 'yancin yin sujada a shekara ta 313.

Takardar da ta fi ratsa ni ita ce wasiƙar Filini, gwamnan Bitiniya, wato yankin arewacin Turkiyya ta yau, wadda ya aika wa sarki Tirajan wajen shekara ta 112. An kawo masa ƙarar Kirista, shi kuwa bai san ainihin laifin da zai hukunta su a kai ba. Ya bayyana cewa yakan tambayi mutum sau uku ko shi Kirista ne, yana yi masa barazana, wanda ya dage kuwa sai a kashe shi. Don ya gano asirinsu, ya sa aka azabtar da waɗansu bayi mata biyu masu hidima a ikilisiya, ya kuma yi wa waɗanda suka bar bangaskiyar tambayoyi. Iyakar abin da ya samu shi ne sukan taru a wata ƙayyadaddiyar rana kafin gari ya waye, su raira waƙa ga Almasihu kamar ga Allah, su ɗauki alkawari cewa ba za su yi sata ko fashi ko zina ba, ba za su karya magana ba, kuma ba za su musanta ajiyar da aka ba su ba idan mai ita ya zo karɓa. Daga nan sai su watse, su sāke haɗuwa daga baya don cin abinci irin na kowa.

Maganar ajiyar nan ce ta tsaya mini a rai. A zamanin da babu banki kamar yadda muka san shi yanzu, mutum in zai yi tafiya sai ya danƙa kuɗinsa a hannun maƙwabci, kuma cin amana ya zama ruwan dare. Waɗannan mutane sun sa riƙon amana a tsakiyar sujadarsu, suna maimaita alkawarinsa da asuba kafin kowa ya tafi wurin sana'arsa. Gwamnan da ke kashe su ne ya ba da wannan shaida, kuma a cikin wasiƙar ya koka cewa abin ya bazu daga birane zuwa ƙauyuka har haikalin gumaka sun kusa zama kango. A ganina akwai dangantaka tsakanin abubuwan biyu. Idan maƙwabci ya ga bashinsa ya dawo a kan lokaci, ya ga mudun da aka auna masa a cike yake, zai so ya ji abin da ya sa mutumin yake haka, kuma a nan ne ƙofar magana take buɗewa.

Kiristan farko ba su ɗauki wannan hali a matsayin abin da zai zo da kansa ba. Wani littafin tsarin ikilisiya da ake dangantawa da ƙarni na 3 ya nuna cewa mai neman baftisma yakan yi shekara 3 yana koyo, a bincika irin sana'arsa tun da farko, sa'an nan idan lokaci ya yi a tambayi waɗanda suka kawo shi ko ya girmama gwauraye, ko ya ziyarci marasa lafiya. Ajin baftisma a wurare da yawa a yau ya koma haddar amsoshi na 'yan makonni. Ban ce lalle sai an koma shekara 3 ba, amma tambayar da suke yi ta fi tamu nauyi, domin rayuwar mutum suke dubawa.

Maƙiyi na biyu shi ne Kelsus, masanin falsafa da ya rubuta littafi wajen shekara ta 178 don ya rushe Kiristanci. Cikin abin da ya raina har da irin mutanen da ke yaɗa saƙon, inda ya ce masu aikin ulu ne da dukawa da masu wanki, marasa ilimi, waɗanda ba sa iya buɗe baki a gaban iyayengijinsu, amma da zarar sun keɓe da mata da yara a cikin gidaje sai su shiga koyarwa. Shi yana faɗa ne don ya kunyata su, amma ya bar mana bayanin hanyar da bishara ta bi. Ayyukan Manzanni sura 11 ma ta nuna haka, gama waɗanda suka fara yi wa Helenawa wa'azi a Antakiya mutanen Kubrus ne da Kurane da tsanani ya warwatsa, kuma ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali daga wannan ikilisiya aka aiki Bulus da Barnaba. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren sujada da masu tono suka gano, a Dura-Yurofos ta ƙasar Siriya, gidan zama ne da aka rushe bango ɗaya a cikinsa kafin shekara ta 256 don ɗaki ya ɗauki mutum kamar 70. Mu kuwa mun bar aikin bishara a hannun fasto da mai bishara da babban taro mai lasifika, har tela da direba da ma'aikaciyar jinya suna ganin nasu kawai su ba da gudummawa.

Inda na fi jin nauyi a zuciyata shi ne batun baiko. Yustin, wani Kirista wanda ya rubuta a Roma wajen shekara ta 155, ya kwatanta taron ranar Lahadi, ya ce bayan karatu da gargaɗi da addu'a da jibin Ubangiji, masu hali sukan ba da abin da suka ga dama, a ajiye a hannun shugaba, shi kuma ya kula da marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. Tartuliyan na Kartej, a Tunisiya ta yau, shi ma Kirista, ya ƙara da cewa da kuɗin ake binne matalauta, a tallafi tsofaffin bayi da waɗanda jirginsu ya nutse. A shekara ta 251 bishop Karniliyus ya rubuta cewa ikilisiyar Roma tana ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500, kuma wannan a lokacin da ake farautar shugabanninta ne.

A cikin waɗannan shekaru wata annoba ta ratsa daular. Diyonisiyus, bishop na Iskandariya a Masar, ya ba da labarin yadda mutane suke tura 'yan'uwansu waje da zarar cutar ta kama su, suna yar da gawa a kan hanya, yayin da masu bi suke jinyar marasa lafiya, suna wanke gawawwaki suna binnewa, har dattawa da dikinoni da yawa suka kamu suka mutu. A Kartej, bishop Kifiriyan ya tara jama'arsa ya ce musu idan nasu kaɗai suka taimaka, ba su yi abin da ya wuce na kowa ba, sai su kula har da waɗanda suka tsananta musu. Bayan shekara fiye da 100, sarki Yuliyan, wanda ya bar Kiristanci ya yi ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta wa babban firist na Galatiya a shekara ta 362 yana cewa abin kunya ne a ga Galilawan nan, wato Kirista, suna ciyar da matalautansu har da namu. Ya ba da umarni a gina masaukin baƙi a kowane birni, ya ware alkama da ruwan inabi don rabo, domin ya gane inda ƙarfin Kirista yake.

Idan na duba kasafin kuɗin ikilisiyoyinmu na yau, nakan ga gini da mota da bukukuwa sun cinye kaso mafi tsoka, gwauraye kuwa sai a tuna da su da buhun shinkafa a lokacin Kirsimeti. Sau da yawa zumuntar mata ce ke ɗauke da nauyin da ya kamata dukan ikilisiya ta ɗauka. A arewacin Najeriya, inda rikici ya raba dubban iyalai da gidajensu, Kirista da Musulmi baki ɗaya, maganar Kifiriyan tana tambayarmu kai tsaye ko taimakonmu yana tsayawa ne a ƙofar coci. Na san akwai ciwon da ya sa wannan ya yi wuya, kuma ba na raina hawayen wanda aka ƙone masa gida, amma mutanen Kartej ma daga cikin tsanani suka fito sa'ad da aka ce musu su yi jinyar maƙwabtansu.

Karatun bai bar mu mu ɗauka cewa dukansu jarumai ne ba. A shekara ta 250 sarki Desiyus ya umarci kowa a daular ya miƙa hadaya ga gumaka a gaban jami'ai, a ba shi takardar shaida. An gano irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar, inda mutum yake bayyana cewa ya yi hadaya, ya zuba hadayar sha, ya kuma ɗanɗana naman, jami'ai su sa hannu a ƙasa. Kifiriyan ya rubuta da baƙin ciki cewa masu bi da yawa a Kartej da ƙafarsu suka ruga dandali tun ba a kama su ba, waɗansu kuma suka ba da toshiya suka sayi takardar ba tare da yin hadayar ba. Da ƙura ta lafa, sai suka dawo suna neman a karɓe su, ikilisiya kuwa ta rabu. Nobatiyan, wani dattijon ikilisiya a Roma, ya ce wanda ya yi musun Ubangiji ba shi da sauran wuri a teburin jibi, waɗansu kuma suka so a buɗe ƙofa nan take kamar ba a yi kome ba.

Wannan gardama ba ta tsufa ba a wurinmu. Akwai waɗanda aka sace, aka ɗora musu bindiga a ka, suka furta abin da ba ya zuciyarsu don su rayu, akwai matan da suka dawo daga daji da goyo, kuma wani lokaci kallon da suke samu a majami'a ya fi musu zafi fiye da abin da suka baro. Gefe guda kuma ga gwauruwar wanda ya ƙi yin musu aka kashe shi, tana zaune a benci ɗaya da su, ita ma zuciyarta tana bukatar a kula da ita. Taron bishop-bishop da aka yi a Kartej a shekara ta 251 ya ƙi bin ɓangarorin nan biyu. Ya ce a saurari kowane mutum shi kaɗai, a bambanta wanda ya sayi takarda da wanda ya yi hadaya, a ba kowa lokacin tuba daidai da abin da ya faru da shi, kuma kada a bar mai tuba ya mutu a waje. Ba da daɗewa ba, da suka hango wani tsanani yana tafe, sai suka sāke zama suka karɓi dukan masu tuban, bisa hujjar cewa bai kamata a tura mutum ya fuskanci wani gwaji alhali an hana shi jibin Ubangiji ba.