Sunan da Na Gani a Jikin Inji

Asabar, bayan isha'i.

Sau biyu na wanke hannuna da omo amma har yanzu warin baƙin mai nake ji. Ina so in rubuta wannan kafin barci ya kwashe ni, don tun safe maganar take kai-komo a raina.

Bakwai da rabi na isa gareji, hazo bai gama washewa ba. Aikin yau jif ɗin nan ce ƙirar Nissan mai silinda shida da aka jawo mana ranar Laraba. Direbanta ya yi ta tafiya babu ruwa a lagireto har gaskit ya ƙone, top ɗaya, wato murfin saman inji, ya lanƙwasa. Jiya aka dawo da top ɗin an daidaita fuskarsa, yau sai haɗi. Ina cikin goge fuskar bulok da fetur sai ƙaramin yarona ya zo yana miƙo mini waya.

"Oga, ka ga sabuwar GT-R? Wai R36 ke nan."

Na karɓa na duba. Mota ce jawur, a kwance kamar damisa za ta kai cafka, da fitilun baya huɗu zagayayyu. Ta yi kyau ƙwarai. Na ce masa wannan wani ne ya zauna ya zana a kwamfuta, irinsu sun cika intanet, kowa da tasa. Kamfanin Nissan, mai ƙera GT-R, shahararriyar motarsu ta gudu, bai nuna wa duniya sabuwar ba tukuna. Ya ce to yaushe? Na ce ɗauko mini sifana mai lamba goma sha huɗu, sai mu yi maganar hannu na aiki.

Na faɗa masa abin da ya tabbata. A watan Agustan 2025 GT-R ta ƙarshe cikin zubin R35 ta fito daga masana'antar Tochigi a Japan, mai launin shuni mai duhu, wani ɗan ƙasar ne ya saye ta. Shekara 18 ana ƙera ta tun 2007, guda wajen 48,000. Kafin nan ma an yi ta janye ta daga kasuwa kaɗan-kaɗan: Ostireliya a 2021 saboda sabuwar dokar kariya daga karo ta gefe, Turai a 2022 saboda dokar ƙara, Amurka a 2024. Ranar da aka rufe layin, shugaban kamfanin, Ivan Espinosa, ya ce ba bankwana na har abada ba ne, burinsu sunan ya dawo wata rana, amma babu tsayayyen shiri, a yi haƙuri. Iyakar abin da ke hannu ke nan. Saura duk hasashe ne, kuma ni ma ina cikin masu yin sa, ba dare ba rana.

Yaron ya ce shi ke nan an kashe ta. Na ce a'a, wannan motar ta saba ɓuya. Ta farko ta fito a 1969, Skyline GT-R, mai ƙofa huɗu, da inji lita biyu. Wadda ta biyo ta a 1973 guda 197 kacal aka yi aka tsaya, lokacin an tsaurara dokokin hayaƙi. Daga nan shiru har shekara 16. Wanda aka haifa a shekarar da aka tsayar da ita ya kusa isa tuƙi kafin R32 ta fito a 1989. Da ta fito kuwa, sai ta shiga tseren motocin Japan ta yi tsere 29 ta cinye 29, ba ta bar wa kowa ko ɗaya ba. Ta haye Ostireliya ta ci tseren Bathurst a 1991 da 1992, 'yan jaridar can ne ma suka laƙaba mata sunan dodo, Godzilla. R33 ta zo a 1995, R34 a 1999, aka sake tsayawa a 2002, aka yi shekara biyar kafin Carlos Ghosn, shugaban kamfanin na lokacin, ya cika alkawarin dawo da ita. Saboda haka jira ba baƙon abu ba ne a gidan nan.

Wajen sha ɗaya abokina rewaya ya leƙo aron caja, ya tarar da mu a kan maganar, ya ja benci ya zauna. Shi mutumin lantarki ne, ba ya ɓoyewa. Ya ce ai Nissan sun riga sun nuna inda suka dosa tun Oktoban 2023 a baje kolin Tokyo, da motar gwajin nan Hyper Force, mai batir zalla, da suka ce za ta ba da kilowat 1,000, fiye da ƙarfin doki 1,300. Fitilun baya ma zagayayyu huɗu ne, kowa ya gane 'yar gidan wa ce. Ya ce, "Kai da kake ta yabon R35, dokinta nawa? 480 ta fara, Nismo, samfurinta mafi ƙarfi, ta kai 600. Ga ninki biyu an ba ka, kana ja da baya."

Ban raina maganarsa ba, don akwai gaskiya a ciki. GT-R tun fil azal motar dabara ce. Tun R32 akwai na'urar da ke lura da tayoyi, in na baya sun fara sulɓewa ta tura ƙarfi gaba. Lokacin da R35 ta fito ma an yi ta gorin cewa kwamfuta ce ke tuƙa ta. To wanda ke son irin wannan mota ba shi da bakin cewa yana ƙin waya da na'ura. Kuma injin lantarki ba ya jiran tobo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ta cika, kana taka totur ƙarfin ya zo, ana kuma iya raba shi ga kowace taya yadda ake so. Duk na yarda.

Inda muka rabu shi ne nauyi da zafi. R35 da kanta ta haura kilo 1,700, tun a lokacin ana cewa ta yi jiki. Ka ɗora mata batirin da zai ciyar da doki dubu, ina za a tsaya? Sannan sunan motar nan a Nurburgring ta yi shi, hanyar tseren Jamus mai tsawon kilomita ashirin da ɗoriya, hawa da gangara da kwana ba adadi. A 2008 ta zagaye ta cikin minti 7 da daƙiƙa 29, har Porsche suka fito suna tantama a kan tayoyin da aka sa mata. A 2013 Nismo ta sauko da shi zuwa minti 7 da daƙiƙa 8. Abin da ke burge ni shi ne in ta gama a zuba mata mai ta sake komawa. Batir kuwa in aka matsa masa zafi yake ɗauka, in ya ɗau zafi na'ura ta rage ƙarfi don kare shi, in ya ƙare a zauna jiran caji. Mu da muke ganin yadda zafin watan Afrilu ke cinye batirin mota ba sai an yi mana dogon bayani ba. Rewaya ya ce ai shi ya sa suke aikin sabon batirin nan marar ruwa a ciki, wanda suka sa wa kansu wa'adin 2028. Na ce Allah ya kai mu, in ya fito ya yi abin da ake faɗa, ni zan fara zuwa shagonka in ce ka yi gaskiya. Kafin nan ni dai ina ganin gauraye za su yi, injin fetur mai tobo da lantarki yana tallafa masa. Porsche sun yi wa 911 GTS haka a 2024, Chevrolet ma sun yi gauraye a Corvette E-Ray, sai dai ita ba tobo, kuma babu wadda ta zubar da mutuncinta.

Ya tafi da cajarsa bai yarda ba. Muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake.

Bayan azahar ne muka zo ɗaure top, kuma a nan ne na gane abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Na ba yaron sifanar awo, na nuna masa jerin: daga tsakiya ake farawa, a bi waje a gicciye, zagaye na farko a hankali, na biyu a ƙara, kada a ɗaure ƙusa ɗaya tamau a bar 'yan'uwanta. Ya yi huɗu daidai, a ta biyar ya yi sauri ya tsallake. Na ce kwance duka mu sake. Ya ce, "Oga, ai babu wanda zai sani." Ban yi masa faɗa ba. Na ba shi labarin abin da na gani a Abuja.

Shekarun baya na je karɓo kaya, sai na ga R35 fara a ajiye a gaban wani wurin wankin mota. Sau ɗaya ke nan a rayuwata na taɓa ta da hannuna. Na tsaya har mai ita ya fito, na gaishe shi, na ce ranka ya daɗe ni bakanike ne, alfarma nake nema a buɗe mini bonet in gani. Mutumin kirki, ya buɗe. Ga inji nan lita 3.8, silinda shida, tobo biyu, an cusa shi can baya kusa da gilashi. Na durƙusa na leƙa ƙasa don in ga abin da na daɗe ina karantawa: giyabos ɗin ba a jikin inji yake ba, yana can baya tsakanin tayoyi, sanda ɗaya ta kai masa ƙarfi, wata sandar ta dawo da rabon tayoyin gaba. Amma abin da ya tsayar da ni ɗan ƙaramin ƙarfe ne a gaban injin, bai kai tafin hannu ba, an rubuta sunan mutum a kai. Sunan wanda ya haɗa injin.

A masana'antar Yokohama akwai wasu ƙwararru da suke kira takumi, mutum tara ne suka haɗa injinan motar nan duka tsawon shekarun. Mutum ɗaya, inji ɗaya, daga farko har ƙarshe, a ɗaki mai tsabta, yana auna tazarar bawul da hannunsa. In ya gama ya manna sunansa. Injin ya tafi Dubai ko Landan ko Abuja, in ya yi kyau sunansa ne, in ya ba da kunya sunansa ne. Na daɗe a tsaye ina kallon ƙarfen nan. Shekara ashirin da wani abu ina kwance inji ina haɗawa, ranar ce na fara ganin an ɗauki mai irin sana'ata an sa shi a gaba haka.

Yaron bai ce komai ba. Ya kwance ƙusoshin ya faro daga tsakiya.

Wannan ne abin da nake jin tsoron a rasa a R36, fiye da ƙarar salansa da mutane ke ta kuka a kai. Ƙara ana iya ƙirƙirarta da lasifika. Tsorona na biyu kuɗi ne. Lokacin da R35 ta fito yen miliyan 7.77 aka sa mata a Japan, tana kuma bin motocin da suka ninka ta tsada tana wuce su. Injiniyanta, Kazutoshi Mizuno, abin da ya nema shi ne motar da kowa zai iya tuƙawa, a ko'ina, a kowane lokaci. In sabuwar ta zo da kuɗin da sai masu jirgin sama na kansu, to ta ci sunan ne kawai. Ga shi kuma kamfanin ba shi da lafiya. A shekarar kuɗi ta 2024 ya yi asarar yen biliyan 670 da ɗoriya, maganar haɗewa da Honda ta wargaje a Fabrairun 2025, sun ce za su rage ma'aikata 20,000, masana'antu daga 17 su koma 10. Mai gidan da rufinsa ke yoyo ba ya fara sayen doki. Shi ya sa duk mai ce mini baɗi za ta fito nake ce masa ya sassauta. Ni na fi so su yi shekara biyar ko fiye su kawo abin da zai tsaya da ƙafarsa, da su yi gaggawa su manna haruffa uku a jikin abin da bai kai ba.

Da la'asar sakaliya muka gama, saura haɗa wayoyi da zuba ruwa. Na rufe gareji na biya gidan Baba, maigidana da ya koya mini aiki, don kwana biyu ƙafarsa na damunsa. Na same shi a kan tabarma a ƙofar gida da rediyonsa. Bayan gaisuwa ya tambayi aiki, na ba shi labarin jif ɗin, daga nan zance ya zarce. Da na ambaci Skyline sai ya ce bai san ta ba. Na ce, "Baba, ai ka san ta, ka ma gyara ta ba adadi. Datsun 180K." Ya gyara zama. Na ce ita ce Skyline a Japan, sunan ne aka canza wa na fitarwa waje, GT-R kuma daga wannan zuriyar ta fito. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce ashe 'yar manyan gida ce yake ta kwanciya a ƙarƙashinta yana sauke giyabos. Ya shiga ba ni labarin wata 180K ta wani ɗan kasuwa da ke zuwa Maraɗi da ita duk mako, yadda yake saita kabiretarta da kunne, ba na'ura ba komai.

Na ba shi labarin ƙarfen nan mai suna. Ya yi shiru, sannan ya ce, "In sun koma batir, su waɗannan taran ina za a kai su?" Na ce ina fata a bar musu injin da za su haɗa, ko da lantarki zai taimaka masa. Ya ce in na ji labari in zo in faɗa masa. Na ce in sha Allahu, Baba.

Litinin za mu tayar da jif ɗin. Na ce wa yaron ya zo da wuri, shi zai murɗa makulli, tunda shi ya ɗaure top ɗin.