Takwarorin Virginia: abin da na gani a wasiƙun masu gandaye

Duk wanda zai zauna da wasiƙun manyan gidajen Virginia ta Amurka na ƙarni na 18, su Carter da Randolph da Byrd da Custis, to kafin ya karanta layi ɗaya ya nemi takarda mai faɗi ya ja mata gidaje huɗu: suna, gandun da mutum yake zaune, shekarun haihuwa da rasuwa, sai sunan mahaifiya. Na shiga aikin ina ganin suna kaɗai ya isa ya raba mutum da mutum. A wurin waɗannan mutane bai isa ba, kuma har yau raina kan sosu in na tuna jadawalin nasaba da sai da na warware shi na sake ɗinkawa.

Thomas Mann Randolph ne ya fara birkita mini lissafi. Na san akwai uba, mai gandun Tuckahoe, wanda ya rasu a 1793. Na san akwai ɗa, wanda aka haifa a 1768, ya auri Martha 'yar Thomas Jefferson (shugaban Amurka na uku) a 1790, daga baya ya yi gwamnan Virginia. Ashe su uku ne. A wannan shekarar ta 1790 uban ya ƙara aure, ya auri Gabriella Harvie, da ta haihu namiji sai ya sake raɗa masa Thomas Mann Randolph, alhali na farin yana raye. 'Yan uba biyu, suna ɗaya, kuma ƙaramin ne ya gaji Tuckahoe. Saboda haka takardar da ta haɗa wannan suna da Tuckahoe bayan 1793 ba a kan surukin Jefferson take magana ba, shi gandun Edgehill za ka gani a jikin sunansa. Na ci karo da jadawalin nasaba a intanet da ya dunƙule su mutum ɗaya, kuma in ka kwafa daga irinsa, duk abin da ka ɗora a kai sai ya karkace.

Gidan Carter ya fi haka cin rai. Robert Carter na gandun Corotoman, wanda ake wa laƙabi da sarki, ya rasu a 1732 ya bar ƙasa wajen eka 300,000 da bayi sama da 700. Ɗansa Charles shi ne na Cleve. Jikansa Charles, ɗan John, shi ne na Shirley, kuma 'yar wannan na biyun, Anne, ita ta haifi Robert E. Lee, janar ɗin rundunar Kudu a yaƙin basasar Amurka. Robert kuwa akwai kaka, akwai ɗa, akwai jika na Nomini Hall wanda ya rubuta takardar 'yanta bayinsa sama da 450 a 1791. A gidajenmu in aka yi wa kaka takwara akan sakaya sunan da Abba ko Baffa ko Ummi. Su nasu sakayawar sunan gandu ne, shi ya sa gidan gandu a takardarka ya fi gidan suna amfani. Kada kuma ka dogara da alamar "ƙarami" da suke liƙawa a bayan suna. Ba lallai tana nufin ɗan wane ba, tana iya nufin ƙaramin cikin takwarori biyu na yanki ɗaya, kuma in babban ya rasu sai ƙaramin ya ajiye ta, wani ya ɗauka.

Kwanan wata shi ma yana da nasa tarkon. Kafin 1752 Ingila da ƙasashen da take mulka suna fara shekara ne ranar 25 ga Maris. Wasiƙar da ke ɗauke da 10 ga Fabrairu 1731 tana bayan ta Disamba 1731, ba gabanta ba. Masu kula sukan rubuta 1731/2, da yawa ba sa damuwa. In ba ka gyara ba za ka iske an amsa wasiƙa kafin a aiko ta, ko uba ya rasu kafin ya rubuta wasiyya. A Satumban 1752 kuma aka tsallake kwana 11, daga 2 ga wata aka faɗa 14. Shi ya sa George Washington, shugaban Amurka na farko, da aka haifa 11 ga Fabrairu a tsohon lissafi, ake bikin haihuwarsa 22 ga wata. Ni dai na koma rubuta kwanan wata iri biyu, yadda yake a takarda da yadda yake a lissafin yau.

Wasiƙa ɗaya kan zo da fuska uku: daftari, kwafin da aka shigar a littafin ajiyar wasiƙu, da wadda aka aika. Masu zuwa Landan wurin dillalan taba, irin Robert Cary da Washington yake hulɗa da shi, akan aika su sau biyu a jirage daban don gudun nitsewa ko kamu. Duba sunan jirgi da na kyaftin kafin ka ƙirga su biyu. Juya takardar kuma, domin babu ambulan, ninkewa ake yi a like da kaki, mai karɓa kuma yakan rubuta sunan mai aikowa da kwanan wata a baya. Wannan ɗan rubutun ya sha raba mini gardamar takwarori. Wasiƙun Washington da Jefferson suna shafin intanet na Founders Online kyauta, kuma bayanan editoci a ƙarƙashin kowace wasiƙa su ne abin fara karantawa. Kalmomin dangantaka ma a yi hattara da su: "ɗan'uwa" na iya zama suruki, kalmar da yau ake nufin mijin 'ya da ita a da tana iya nufin agola.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne da na ajiye takardun gado kusa da wasiƙun. Masu gida suna fama da yawan takwara, bayinsu kuma suna ɗaya tak aka ba su a rubuce, Betty ko Moses ko Lucy, babu sunan uba, sau da yawa babu shekara. Su ma da sunan gandu da na uwa kaɗai za ka bi sawunsu, kuma duk auren da wasiƙun suke taya murnarsa yana nufin an kwashi wasu an kai su wani gandu. Da John Wayles ya rasu a 1773, 'yarsa Martha matar Jefferson ta gaji bayi 135, cikinsu har da Elizabeth Hemings da 'ya'yanta. Sally Hemings 'yar Elizabeth tana cikinsu, kuma ɗanta Madison ya bayyana a 1873 cewa Wayles ne mahaifinta, wato ita da matar Jefferson 'yan uba ne. Ba za ka sami wannan a wasiƙun gaisuwa na gidan ba.

Jerin bayin da Washington ya rubuta a 1799 shi ne takardar da nake ba kowa shawara ya karanta a tsanake. Mutum 317 ne a gandunsa na Mount Vernon. Nasa 123, 153 na gadon Daniel Parke Custis, mijin fari na Martha matar Washington, wanda ya rasu a 1757, sauran kuma na haya. Martha cin moriyar rabonta kawai take yi muddin ranta, ba ta da ikon 'yantawa, shi ma ba shi da shi. A gaban sunaye da yawa ya rubuta sunan miji ko mata da gonar da suke, Muddy Hole ko Dogue Run ko River Farm, sai ka ga miji nasa ne, mata ta gadon Custis, 'ya'ya kuma uwa suke bi. An 'yanta na Washington ranar 1 ga Janairu 1801. Da Martha ta rasu a 1802 aka raba na Custis tsakanin jikokinta huɗu. Saboda haka a takardata na ƙara gida na biyar, na wanda doka ta ce shi ya mallaki mutum, domin in babu shi ba za ka gane dalilin da ya sa miji ya fita da 'yanci matarsa da 'ya'yansa suka tafi gidan wani jika ba.