Kwana biyu cikin masu sulke a Tewkesbury

Yau kwanana biyar da dawowa Kano, amma har yanzu in na kwanta ƙarar ƙarfe nake ji a kunnena. Bikin kammala karatun autanmu ne ya kai ni Ingila, kuma ban yi niyyar wuce Birmingham ba. Ana gobe Asabar ya shigo ɗaki ya ce, "Yaya, kai da ba ka gajiya da zancen lifidin Baba, akwai wani gari nan kusa da za a yi hawa gobe, da sulke da kwalkwali da komai." Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya fi shekara ashirin yana hawan sallah cikin 'yan lifidin wani hakimi, kuma akwai tsohon sulke da ya bar mana a adaka, ya yage a hamata, an ɗaure wurin da wayar wuta. Jin haka na ce wa Auta mu yi sammako.

A jirgin ƙasa aka fara ɓata min rai. Tikitin da muka saya na jirgin wani lokaci ne, muka makara muka shiga na bayansa. Mai duba tikiti ya zo, Auta ya fara yi masa bayani cikin ladabi, mutumin bai ko dube shi ba. Ni ya tsura wa ido, da babbar rigata da hulata, ya ɗaga murya yana jan kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai magana da kurma. Doka tasu ce, mun saɓa, muka sake biya. Amma kuɗin tafiyar da ba ta kai awa guda ba ya isa ya kai mutum Abuja daga Kano a mota ya dawo da shi har da canji, kuma ko yaron mota a tashar Unguwa Uku ya san yadda ake yi wa mai furfura magana.

Muka sauka a Ashchurch, wajen kilomita uku daga gari. Tewkesbury ƙaramin gari ne a inda kogin Avon ya haɗu da kogin Severn, gidajensa na katako baƙi da farar ƙasa, wasu sun karkato kan titi saboda tsufa. Abin da ya fara ɗaukar idona tutoci ne, jere a jikin shaguna da gidaje tun daga farkon titi har ƙarshensa, kowace da zanenta: zakuna, tsuntsaye, furanni. Wata tsohuwa ta gaya mana cewa kowace tuta tambarin wani ne da ya halarci wani tsohon yaƙi da aka yi a garin, kuma mutanen gari ne ke zana su da hannu, su rataye su duk bazara.

Yaƙin da ake tunawa an yi shi ranar 4 ga Mayu, 1471. Lissafi na yi a raina, sai na ga lokacin Muhammadu Rumfa yana shekararsa ta takwas kan gadon Kano. Rikicin gidan sarauta ne, irin wanda mu ma ba baƙonmu ba ne: gidan York da gidan Lancaster, jini ɗaya, suna neman kujera ɗaya. Sarauniya Margaret ta gidan Lancaster ta taso da ɗanta Yarima Edward da rundunarta tana son haye Severn ta shiga Wales ta haɗu da magoya bayanta. Birnin Gloucester ya rufe mata ƙofa, dole ta yi gaba zuwa Tewkesbury, kuma a nan Sarki Edward na 4, na gidan York, ya cim mata da mutanenta a gajiye. Aka karya Lancaster. Yariman, ɗan shekara 17, ya mutu a ranar. Fadamar da aka rutsa masu gudu har yau sunanta Fadamar Jini. Tun shekarun 1980 ake wannan taro na kwaikwayon yaƙin kowane watan Yuli a wani ɓangare na ainihin filin, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Bokiti ake zagayawa da shi, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Bayan abin da ya same ni a jirgi, wannan ya sanyaya min zuciya, na jefa da hannu sake.

Sansanin kansa gari ne guda na tantuna. Mata na girki a tukwanen ƙarfe kan itace, yara sanye da riguna irin na da suna ɗebo ruwa, ba ka ganin roba ko leda a fili. Duk wanda ya shiga wasan sai ya ɓoye wayarsa da agogonsa. A kasuwar wurin akwai masu dukanci, masaƙa, masu gyaran baka da kibiya, masu sassaƙa akushi da cokali. Abinci ne ya ba mu wahala, don inda aka fi layi wurin gashin alade ne da rumfar giya. Burodi da cuku da tuffa muka ci, a farashin da zai ciyar da gidana kwana biyu. Da azahar ta yi muka koma gindin wata bishiya muka yi salla, ba wanda ya tsaya kallonmu, wani ma ya janye karensa ya ba mu wuri.

Ƙarar masaba ce ta ja ni rumfar dattijon da ya zama dalilin wannan rubutu. Ya ba saba'in baya, hannuwansa duk tabon wuta. Ya ce shekara talatin ya yi yana gyaran tukunyar ɗumama gidaje, da ya yi ritaya ya koma ƙera kayan yaƙi gaba ɗaya. Na same shi yana fitar da ƙoƙon gwiwa daga fallen ƙarfe. Kututturen itace ne a gabansa, an rarake tsakiyarsa kamar turmi mara zurfi. Ya ɗora fallen a kai, yana bugu daga tsakiya yana juyawa da hannun hagu, har ƙarfen ya soma zama kamar ƙwarya. Daga nan ya kife shi kan wani turken ƙarfe mai mulmulallen kai, ya ɗauki muntalaga yana bi a hankali yana share sawun bugun farko. Ya ce ƙarfe in ya sha bugu taurin kai yake yi, sai an mayar da shi wuta ya yi ja, a bar shi ya huce da kansa, sannan ya sake yarda. Wannan maganar na sha jin ta a bakin maƙeran unguwarmu tun ina yaro.

Ya miƙo min safar hannu ta ƙarfe ya ce in sa. Ban taɓa riƙe aikin hannu irin wannan ba. Kowane yatsa da 'yan ƙananan faranti da ke hawa kan juna kamar ɓawon kifi, an kafe su a kan fata daga ciki, wuyan hannun kuma da ƙusoshi masu zamewa a cikin rami. Na dunƙule hannu, na buɗe, na ɗauki tsabar kuɗi daga kan tebur. Ya ce abin da ya fi wuya a duk jikin kayan shi ne na ƙwauri, domin in bai bi tsokar ƙafa daidai ba, mutum ba zai yi taku ɗari ba sai ya ji ciwo. Saboda haka yake zuba ƙafar mai kaya a farar ƙasa ya fitar da siffarta kafin ya fara. Cikakken kaya daga kai zuwa ƙafa nauyinsa kilo 20 zuwa 25 ne, kuma wanda aka ƙera wa mutum daidai jikinsa sai ya ci dubban fam, ya kuma jira fiye da shekara. Na tambaye shi su wa ke saya. Ya nuna min fili da haɓa: direbobi, malaman makaranta, ma'aikatan jinya. Wani kwalkwali zai fara saya bana, baɗi ya ƙara na ƙirji, a shekara biyar ya haɗa.

Sai na ciro waya na nuna masa hoton sulken Baba. Dattijon ya ajiye masaba, ya goge hannu, ya sa tabarau. Ya daɗe yana buɗe hoton da yatsa biyu. Ya ce, "Ka san abin da kake da shi kuwa?" Ya nuna min cewa zobban layi-layi suke: layi ɗaya kowane zobe da 'yar ƙusarsa, layi na gaba zobba ne rufaffu ba mahaɗi. Ya ce wannan tsohon aiki ne na gaske, ba irin na kasuwa da ake lanƙwasa waya baki da baki ba, wanda mashi ɗaya zai buɗe. Ya ɗauko nasa ya nuna min yadda ake yi. A naɗe waya a jikin sanda, a yanka zobe-zobe, a haɗa bakunan su hau juna, a daddale wurin, a huda, a zura ƙusa ƙarama kamar ƙwayar gero, a matse da awartaki. Kowane zobe yana riƙe da huɗu. Riga ɗaya tana cin zobba dubu ashirin ko fiye. Da ya kai kan wayar wutar da aka ɗaure hamatar da ita, sai ya yi shiru, ni ma na yi shiru.

Na ba shi labarin namu. Na ce Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Na ce mu namu ba mu taɓa ajiye shi ba, duk sallah yana fita, a Ƙofar Kudu ake jahi da shi gaban Sarki. Na nuna masa bidiyon Hawan Daushe. Ya kira matarsa da maƙwabtansa na rumfa, suka taru kan wayata, suna ta tambaya kan lifidi: da me ake cusa shi, yaya doki yake jure zafi. Na ce da audugar rimi. Su ma suna da rigar cushe da suke sawa a ƙarƙashin ƙarfe, a jikinta ake ɗaure kowane yanki da igiya mai kakin zuma.

A nan ne abin ya tsaya min a rai. Su hawansu ya mutu ɗaruruwan shekaru, daga zane da gumakan kaburbura da gidajen tarihi suka tono sana'ar, har ga wani tsoho yana iya karanta zoben sulke daga hoto. Mu hawanmu yana raye, da kakakinsa da algaitarsa da kirarinsa, amma da sulken gidanmu ya yage, wayar wuta muka samu muka ɗaure.

Da la'asar aka yi yaƙin. Gaskiya in ana zancen dawaki da ado, ko kusa ba su kama ƙafar hawan sallah ba, kusan duka a ƙasa suke, kuma ba makaɗa a bayan kowa, sai mai sanarwa a lasifika. Amma ƙarar ba zan manta da ita ba. 'Yan baka suka fara saki, kibau masu kan roba suka yi sama kamar jan baki, bindigogin toka suka tashi har ƙasa ta girgiza, sannan layi biyu na ƙarfe suka haɗu. Makamansu ba kaifi, dogayen gatura da masu ne suka fi yawa, amma bugun na gaske ne, kana jin sa a haƙoranka. Mata na bin bayan layi da tuluna, suna ɗaga wa mayaƙa murfin kwalkwali suna ɗura musu ruwa, domin zafi ne babban abokin gabar mai sanye da ƙarfe. Na ga wani da aka janye gefe, fuskarsa ja wur, ana kwance masa kaya da sauri. Bayan an gama, waɗanda suka faɗi suka miƙe, suka rungumi waɗanda suka kayar da su, aka yi ta tafi.

Dattijon bai bar mu mun tafi haka ba. Matarsa ta dafa mana shayi, ta tambaya tukuna ko akwai abin da ba ma ci. Na taya wata awartakin matse ƙusa da ke kan teburinsa, ya faɗi kuɗi, na yi tayi irin na Kasuwar Kurmi, Auta yana taɓa ni yana cewa, "Yaya, nan ba a ciniki." Dattijon ya yi dariya ya rage min kashi uku bisa goma, ya kuma ɗebo zobba cike da tafin hannu biyu da ƙusoshinsu ya zuba min a jaka kyauta. Sharaɗinsa ɗaya: in cire wayar nan, in aiko masa da hoto.

Da yamma muka shiga babban cocin garin, wanda aka keɓe a 1121. A nan shugabannin Lancaster suka nemi mafaka, aka fito da su, bayan kwana biyu aka sare kan jagoran rundunarsu, Duke na Somerset, da wasu a tsakiyar gari. Akwai farantin tagulla a ƙasa da ke nuna inda aka binne yariman. Lokacin da Sarki Henry na 8 ya rushe gidajen 'yan zuhudu, mutanen garin suka haɗa fam 453 suka sayi ginin don kada a rushe shi.

Ranar Litinin muka je Leeds, gidan adana makamai na masarauta, shi ma kyauta. Na ga sulken giwa daga Indiya mai nauyin kilo 118, da kwalkwali mai ƙaho da Sarki Maximilian na Daular Roma Mai Tsarki ya ba Henry na 8. Na gaji, ƙafata ta kumbura, ban zagaya rabinsa ba. Landan kwana ɗaya, ruwa, sai filin jirgi.

Jiya na fito da sulken daga adaka, na shimfiɗa shi a tabarma na kwance wayar. Zobba arba'in da uku ne suka ɓace a hamatar. Na kai wa wani maƙeri a unguwarmu, abokin Baba ne, na zube masa zobban da awartakin. Ya ɗaga ɗaya a rana yana juyawa, ya ce kakansa yana irin wannan gyaran, shi bai taɓa yi ba. Mun lalata shida kafin na bakwai ya kama. Ya ce in dawo ranar Alhamis bayan la'asar, in zo da ɗana.