Inda aka kwana kan wasan Mahadiyya

'Yan'uwa masu koyon ƙirƙirar wasan allo, taswirar Sudan dai ta kammala a kan kwali. Kogin Nil ya ratsa tsakiya, Al-Ubayyid na yamma, Sawakin a bakin teku, Khartum da Omdurman suna kallon juna. Ƙwallon dabino ne Ansaru, wato mabiyan Mahadi, murfin kwalba kuma sojan gwamnatin Turkawa da Misirawa. Ana farawa daga tsibirin Aba a 1881, shekarar da Muhammad Ahmad ya ce shi ne Mahadi, a ƙare da yaƙin Karari a 1898, inda daular Mahadiyya ta faɗi.

Mubaya'a ce ta fi cin mini lokaci. In yawan bindiga ne zai raba gardama, kullum gwamnati ce da nasara, alhali ba haka aka yi ba. A Shaikan, cikin Nuwamba 1883, rundunar gwamnati ƙarƙashin Hicks Pasha da igwoginta ta ƙare a hannun mutanen da akasarinsu mashi da takobi suka riƙe. Saboda haka kowane gari na ba shi kati mai nuna inda zuciyar mutanensa ta karkata. Gwamnati ta karɓi haraji, baitulmalinta ya cika, amma katin garin ya gusa zuwa ga Mahadi. Ansaru suka ci yaƙi, garuruwan makwabta su ma su gusa ba tare da an zare takobi ba. Da wannan doka kaɗai wasan ya fara kama da abin da ya faru.

Na ƙara ɗan wasa na uku, ɗariƙar Khatmiyya ta Kassala, wadda ba ta yarda da da'awar Mahadi ba. Mai riƙe da ita ba shi da runduna ta a zo a gani, aikinsa ya hana ƙabilun gabas bin Usman Digna, kwamandan Mahadi a yankin. Ni a ganina, in babu ita, wasan zai ɓoye cewa rigimar har da tsakanin Musulmi ce.

Da muka gwada a rumfa nan Maiurno bayan la'asar, sai da aka yi ƙuri'a kafin a samu mai riƙe gwamnati. Labarin nan ba na nesa ba ne a wurinmu, shi ya sa ban rubuta kalmar ɓatanci ga kowane ɓangare a kati ba.

Rabin ƙarshe ne bai zauna ba tukuna. Khartum ta faɗi ranar 26 ga Janairu 1885, Mahadi ya rasu a Yuni, daga nan wasan sai ya yi sanyi. Ina so in raba Ansaru bisa tutocinsu uku, baƙa, koriya da ja, su riƙa jayayya a ƙarƙashin Khalifa Abdullahi magajin Mahadi, layin dogon Ingilishi kuma yana matsowa daga Wadi Halfa a kowane zagaye. Sai yunwar shekarar 1306 ta Hijira. In sa ta faɗo a lokacinta kowa ya shirya mata, ko in cusa ta cikin katuna ta zo ba zato? Wanda ya taɓa gwada irin wannan ya ba ni shawara kafin in yanka sauran kwalin.